Gizo a Ɗakin Karatu: Amsoshin Tambayoyin Iyaye da Malamai a Damagaram

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye, malaman lakwal da malaman allo suka fi yi mana game da zaman tatsuniya da wasan ƴar tsana da ake yi wa yara a ɗakin karatu na jama'a. Wasu a bakin ƙofa aka yi mana su, wasu a wurin suna ko biki, wasu kuma da ɗan fushi.

Ɗakin karatu ba wurin shiru ba ne? Me ya kawo hayaniyar yara ciki?

Wurin shiru ne ga ɗalibin jami'a da mai shirin jarrabawa, kuma ba mu taɓa musu lokacinsu. Amma yaro ɗan shekara biyar bai iya karatu ba, don haka shirun nan ba abin da yake ba shi sai gajiya. Da kunne yake fara shiga littafi. Sai ya ji labari ya yi masa daɗi, ya amsa waƙar da ke ciki, ya je gida ya maimaita wa ƙanensa da kuskure da ƙari, sannan wata rana ya tambaya: "Ina labarin yake a rubuce?" Wannan tambayar muke jira. Yaron da aka fara tarba da "yi shiru, kar ka taɓa" ba ya dawowa, ko ya dawo to hukuncin uba ne ya kawo shi.

Saboda haka akan ware lokaci, a shimfiɗa tabarma a farfajiya ko a wani ɗaki dabam, a bar yara su yi ta amsawa da ƙarfi. Bayan an gama ne ake fito da littattafai masu zane, kowa ya ɗauka ya juya.

Ai kaka ke yin tatsuniya a gida. Ko aikinta za ku ƙwace?

Ina mu ina ƙwace aikin kaka? Wanda yake da kaka mai gatana a gida ya riga ya fi mu. Sai dai ku duba gidajen Sabon Gari ko sababbin unguwannin bayan gari: miji da mata da ƴaƴansu ne a haya, kakar tana Mirya, Magarya ko Tanut, sai da Sallah ake ganinta. Inda take nan ma, dare ya zama na talabijin da waya. Dandalin da yara ke taruwa da farin wata ya ragu ƙwarai. Mu cike gurbi muke yi, kuma tsofaffin da suka yarda su zo su zauna a tabarmar nan su ne manyan baƙinmu.

An ce wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. Ba ku tsoro?

Haka aka faɗa mana mu ma. Ba kuwa sai an yi dogon tunani ba: rana lokacin ɗebo ruwa ne, da daka, da kiwo, da aike. Yaron da ya zauna gatana da hantsi, aikin gida ne zai kwana. Mu ba za mu iya tara yaran mutane da dare ba, sai da rana. Yaran da kansu sukan tuna mana da maganar ɓatan, sai a yi dariya, wani ya tashi ya ce ya ɗaure Gizo, a ci gaba. Mun fi so su san camfin su san kuma dalilinsa da a ɓoye musu shi.

Ɗan shekara nawa za a iya kawowa?

Daga huɗu. Ƴan ƙasa da bakwai su zo da yaya ko wani babba da zai mayar da su gida. Akan raba ƙanana da manya, domin abin da ke sa ɗan shekara goma dariya yakan sa ɗan huɗu kuka.

Malam, tatsuniya ba ƙarya ba ce? Kura ba ta magana.

Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba don a ɗauka haka ne. Mai tatsuniya kuwa tun daga farko yake sanar da kowa inda aka dosa. In ya ce "Ga ta nan, ga ta nan ku", yara suka ce "Ta zo mu ji ta", an yi yarjejeniya ke nan cewa an bar duniyar gaske. In ya gama ya rufe da "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Babu yaron da ya taɓa fita daga nan yana zaton kurar daji tana ɗaura zane.

Malaman Musulunci ma sun daɗe da sanin amfanin sa magana a bakin dabba. Kalila da Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, labarin diloli biyu ne a fadar zaki, kuma an yi ta karanta shi a ƙasashen Musulmi don koyon hikima da iya magana. Abin da muke kiyayewa guda ne: ba mu haɗa tatsuniya da ƙissa. Ƙissar Annabawa da tarihin Sahabbai suna da nasu zama da nasu ladabi, ba a buɗe su da "ga ta nan", ba a kuma yi musu ƴar tsana.

To Gizo fa? Maƙaryaci, mai haɗama, ga cin amana. Shi za ku koya wa ƴaƴanmu?

Wannan tambayar ta fi kowace nauyi, kuma ba za mu wanke Gizo ba. Yana cinye abincin Ƙoƙi, yana yaudarar Zaki, yana tura Kura cikin halaka. Wani lokaci asirinsa ya tonu ya gudu ya maƙale a bango, wani lokaci kuma ya ci bulus, ba abin da ya same shi.

Ku ɗauki labarinsa da hankaki. Sun tausaya masa, kowane ya ara masa gashi guda, suka tafi da shi cin ɓaure a tsakiyar ruwa. Da isarsu sai ya ce duk ɓauren da aka nufa nasa ne, shi ya riga gani. Hankaki suka zare gashinsu ɗaya bayan ɗaya suka tashi suka bar shi a kan itace. In aka zo nan, mai ba da labari ba ya bukatar wa'azi. Ya dakata kawai ya ce: "Yanzu yaya zai yi?" Sai ka ji yara sun rabu biyu, wasu na cewa ya yi maganinsa, wasu na tausayinsa suna neman masa dabara. Wannan gardamar ita ce tarbiyyar. Yaro yana auna haɗama da sakayya da bakinsa, ba a ɗora masa ba.

A ganinmu kuma akwai dalilin da ya sa yara ke son Gizo duk da halinsa. Shi ne ƙarami a cikin manya, ba ƙarfi, ba sarauta, ga tsamin baki. Yaro ma haka yake a gida: kowa ya girme shi, kowa na aikensa. In ya ga ƙaramin nan ya kayar da giwa da dabara, ransa yakan yi sanyi. Masu gyara tatsuniya har Gizo ya koma yaron kirki mai gaida manya sun kashe ta, kuma yara sukan gane nan take, su fara hamma. Mai son ladabi ƙarara, ga labarin ƴar bora da ƴar mowa: ɗaya ta cuɗa wa tsohuwa baya ta zaɓi ƙaramin ƙwai, ɗayar ta yi tsaki ta zaɓi babba. Duka biyun muna yi.

Ƴata takan firgita da dare in ta ji labarin Dodo.

Ku faɗa mana tun da wuri. Ga ƙanana akan rage Dodo, ko a bar shi ya zama wawa mai saurin ruɗewa. Akwai kuma dabara: a miƙa wa yarinyar ƴar tsanar Dodon ta sa hannu ciki ta yi muryarsa da kanta. Abin da ka ga ƙyalle ne da maɓalli ba ya biyo ka cikin barci. In duk da haka tana firgita, a hutar da ita, ba dole.

Ƴar tsana ba gunki ba ce? Addini ya yarda?

Mu ba masu ba da fatawa ba ne, amma ga abin da ke cikin littattafan hadisi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana wasa da ƴaƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). Abu Dawuda ya ruwaito cewa a cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai na ƙyalle, kuma da Manzon Allah ya tambaye ta, ta ambaci dawakin Annabi Sulaimana, sai ya yi dariya. Haka nan Rubayyi'u bint Mu'awwiz ta ce sukan yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar azumin Ashura don ya ɗauke musu hankali daga abinci. Da waɗannan ne malamai da yawa suka keɓe kayan wasan yara daga hani a kan sura. Akwai masu tsanantawa game da wadda aka fitar wa fuska sosai. Namu dai na kara ne da tsumma, kuma uban da ransa bai kwanta ba yana iya kawo ɗansa zaman tatsuniya kaɗai. Ba za mu ja da shi ba.

Wasan tsana a bayan labule ba al'adar Turawa ba ce?

A'a. Ƴan matan Hausa sun daɗe suna yin ƴar tsana da kara ko ƙashi, su yi mata kitso, su goya ta, har su yi mata biki. A ƙasar Hausa da ta Barno an san mai dabo, wanda kan shige ƙarƙashin babbar riga ko mayafi, ya ɗago ƴan mutum-mutuminsa sama, ya sa wani ɗan abu a baki da ke sirantar masa da murya, mutane su kewaye shi suna dariya. Damagaram kuma garin wasan kara ne, inda matasa ke kwaikwayon sarki da hakimai da manyan gwamnati da kayan da aka ƙera da kara. Ga tashe da azumi. Ga ƴan wasan kwaikwayo na gidan rediyon Zinder da suka yi suna a Nijar duka. Wanda ya tashi a garin nan bai bukaci wani ya zo daga waje ya koya masa kwaikwayo ba.

A zamanin nan ma muna da abin nuni. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, da wasan inuwa ya fara tun yana yaro, da fitila da zanen da ya yanka da hannunsa. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin na farko a Afirka da suka yi fim na zane mai motsi, kuma a 1977 ya fitar da Samba le Grand, wanda ƴaƴan tsana ne ƴan wasansa.

Da me kuke yin su? Za mu iya yi a gida?

Ƙwarai kuwa, kuma ba sai kun kashe ko dala ba. Ludayin duma ya riga ya zo da kai da wuya: a zana masa ido da gawayi, a ɗaura masa ƙyalle, an sami Ƙoƙi. Tsohuwar safa da maɓalli biyu ta isa Kura, domin bakin safa yana buɗewa da yatsu, kuma Kura ba ta da aiki sai baki. Gizo kuwa ƙwallon goruba ne da ƙafafun kara takwas, a rataye shi da zare ya riƙa sauka daga sama, abin da yara ba su gajiya da shi ke nan. Totuwar kara tana da laushi, tsinke na shigarta ba wuya. Tela zai ba ku ragowar yadi, baduku ya ba ku guntun fata, a jiƙa ƙaro a yi manni da shi.

Labule kuwa zane ne a ɗaure tsakanin kujeru biyu. In wasan inuwa ake so, a yanka kwali, a kafa farin ƙyalle, a kunna cocila daga baya; ranar da aka ɗauke wuta ma ta fi dacewa. Reza da allura dai a hannun babba za su tsaya. Kada kuma ku gyara wa yaro tasa don ta yi kyau. Karkatacciyar Kurar da ya yi da kansa ita zai yi wa murya.

Da wane harshe ake yi? Ni Faransanci nake so ɗana ya iya.

Da Hausa ake farawa, domin ita ce kowane yaro ke ji a garin nan. In an sami mai yi da Barbarci, Fulatanci ko harshen Buzaye, marhabin, sai wani yaro ya fassara wa sauran. Faransanci yana zuwa a wajen littattafai masu zane, kuma mun lura yaron da ya riga ya san labari da Hausa ba ya tsoron shafin Faransancinsa, don ya san abin da zai faru, kalmomin kawai yake farauta.

Wannan ba sabon tunani ba ne a Damagaram. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da harshen gida tare da Faransanci, a 1973. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Yaron da ya iya karanta Hausa da kyau bai yi asara ba ta kowace fuska.

Akwai ma littattafan tatsuniya da Hausa?

Akwai, kuma ɗaya daga cikin mafi tsufa daga bakin ɗan ƙasar nan ya fito. Dorugu yaro ne daga Dambanas, kusa da Kance. An kama shi bauta yana ƙarami, aka kai shi Barno, wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi, daga baya ya bi wani Bajamushen matafiyi, Heinrich Barth, a tafiye-tafiyensa har Ingila a 1855. A can ne wani ɗan mishan mai suna James Frederick Schön ya rubuta tarihin rayuwarsa da labaran da ya ba shi, suka fito cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. In muka gaya wa yara cewa ɗan Kance ne ya ba Turawa labari a Ingila suka rubuta, sai ka ga sun gyara zama.

Bayansa akwai Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, daga rubutun ajami da malamai suka yi. Wannan na manya ne, a tace kafin a karanta wa yara, don akwai batsa da zubar da jini a ciki. Wanda ya fi dacewa da yara shi ne Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ƙananan littattafai shida na farkon shekarun 1970. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya dace da ƴan shekara goma zuwa sama, sai dai a sani yawancin labaransa ba tatsuniyoyin gida ba ne, daga littattafan Larabawa, Indiya da Turai ya ɗauko ya yi musu rigar Hausa. A nan Nijar Boubou Hama ya tara labarai da yawa, amma da Faransanci aka buga su.

Gaskiyar magana, littattafan yara na Hausa masu zane mai kyau sun yi kaɗan, kuma mafi yawa daga Kano da Zariya suke zuwa. Nan ne yara ke cin karo da bambancin rubutu: mu muna rubuta ƴaƴa da ƙugiya, su suna rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama. Sau ɗaya ake nuna wa yaro ya wuce wurin.

Yadda aka rubuta a littafi ya saɓa da yadda innata ta faɗa mini. Wanne ne daidai?

Duka. Wanda ya rubuta, daga bakin mutum ɗaya ya ji a rana ɗaya. Ku kawo mana ta innarku, musamman waƙar da ke ciki, domin littafi yana riƙe kalmomin waƙa amma ba ya riƙe karinta.

Ga bidiyon tatsuniya a waya. Bai isa ba?

Ba mu ƙi shi ba, wasu ma an yi su da kyau. Amma waya ba ta jiran amsa. Ba ta ganin wanda ya tsorata ta sassauta, ba ta tsayawa ta ce "kai Sani, da kai ne me za ka yi?" Yaro yana kallo ne kawai, bakinsa a rufe. Mu kuwa bakin muke so ya buɗe.

Ɗana yana da i'ina, ga kunya. Ba za su yi masa dariya ba?

Irinsa muke sa wa a bayan labule. Ba kowa ke ganinsa ba, kuma ba shi ke magana ba, Dila ne. Yara da yawa da ba su iya haɗa ido da malami a aji sukan saki baki a nan. Ba mu ce magani ne ba. In i'inar ta yi tsanani a ga likita. Dokar tabarma dai ita ce ana yi wa Gizo dariya, ba a yi wa mai riƙe da shi. Yaro makaho kuwa ya fi kowa riƙe labari, a ba shi ƴar tsanar ya shafa kafin a fara. Kurma a zaunar da shi gaba inda zai ga motsi.

Almajirai da ƴan talla suna iya shiga?

Ɗakin na jama'a ne, ba a tambayar takardar lakwal kafin a zauna a tabarma. Makarantun allo suna hutu Alhamis da Juma'a, don haka ranakun nan sun fi musu sauƙi, da izinin malaminsu. Almajiran da suka zo daga ƙauyuka sukan zo da tatsuniyoyin da yaran birni ba su taɓa ji ba, shi ya sa mukan ba su fage. Ƴar talla ta ajiye farantinta inda idonta zai kai, kuma ba mu riƙe ta har ta makara a yi mata faɗa a gida.

Ana biya? Kuma da zafi ko azumi ana yi?

Sauraro ba a biya. Aron littafi zuwa gida ne ke bukatar rajista, sai a tambayi mai kula da ɗakin. A watannin Afrilu da Mayu akan koma safiya ko bayan la'asar, kuma kowane yaro ya zo da ruwansa, kun san halin ruwa a garin nan. Da azumi akan taƙaita, daga goma ga wata kuwa tashe ya riga ya kwashe mana yaran.

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba. Ina da abin da zan taimaka da shi?

Inna, ke muke nema. Ki zo ki zauna, ba sai kin riƙe littafi ba. In kin yarda za a ɗauki muryarki, wani ɗalibi ya rubuta, yara su yi zane, a ɗinke ya zama ɗan littafi da sunanki a kai. In ba ki son a ɗauki murya ko hoto, ba za a ɗauka ba.

Ni malami ne a ƙauye, ba mu da ɗakin karatu. Ta ina zan fara?

Da inuwa, da tabarma, da akwatin ƙarfe mai makulli saboda gara da ɓera. Ka fara gaida mai gari da liman ka faɗa musu abin da kake nufi, don kada labari ya riga ka isa wurinsu a karkace. Ka nemi tsohuwa ɗaya da aka sani da gatana. Ka tsayar da rana guda a mako kada ka saɓa, ko yara biyar ne suka zo. Kowane zama, tatsuniya biyu sun isa, da kacici-kacici a tsakani. Ka sa manyan ɗalibai su rubuta abin da suka ji a kaye, wato littafin rubutu, kowa da sunan wanda ya ba da labarin da sunan garinsu, a ajiye cikin akwatin. In kaye ya cika, ka aiko mana da shi mu kwafa mu mayar maka da naka.